Da Sauƙin Tahiru Baduku

Duk wanda ya taɓa bi ta lungun dukawa a Birni ya san Tahiru. Ko bai san fuskarsa ba ya san ƙeyarsa, don kullum a duƙe yake kan fata a zauren gidansu. A zauren nan ubansa ya zauna, a nan aka danƙa masa basilla tun yana ɗan mitsitsi. Alabe, kube, jakar mata, takalmi, babu abin da bai ɗinka ba. Da ɗinkin nan ya auri Lubabatu, da shi ya aurar da 'ya'ya, kuma ban da shi bai iya komai ba.

Mutum ne marar ƙorafi, har abin ya yi yawa. A gidansu haka aka koya masa: in an ce maka ya jiki, ka ce da sauƙi ka gode wa Allah, ko da kuwa a kwance kake ana yi maka fifita.

Da yatsun hannunsa na dama suka fara mutuwa, suna yi masa yam-yam kamar tururuwa, sai ya ce sanyi ne. Lubabatu ta shafa masa man kaɗanya, wanzami ya yi masa ƙaho. Sai da basilla ta fara suɓuce masa a tsakiyar ɗinki sannan ya yarda ya je asibiti, shi ma don matar ta hana shi sakat.

A can ya faɗa hannun ɗalibai masu koyon aikin lokotoro, wato likita. 'Yan gari ne masu ladabi, irin tarbiyyarsa aka yi musu. Sai ɗaya ya rusuna ya ce, "Baba, ya jiki?" Tahiru ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Yaro ya ji daɗi, ya rubuta da Faransanci cewa magani yana aiki, a ƙara masa ƙwayoyi, a ce ya dawo wata mai zuwa. Shi gaisuwa yake amsawa, su kuwa sun ɗauke ta bayanin ciwo. Haka aka yi ta yi. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Ya gaji da bencin jira, ya gaji da haɗiyar ƙwaya, ya gaji da ba masu aiki haƙuri, hannu kuwa sai ƙara lalacewa yake.

Ran nan aka yi sa'a malamar da ke koya musu ciwon ƙashi da gaɓoɓi ta shigo. Lokotoro Kellu ake ce mata, Babarbariya ce marar yawan magana, ita ma da ganin idonta ɗaliban sun ishe ta. Wani ɗalibi mai suna Zakariya'u ya karanto mata labarin Tahiru, duk sauƙi ne daga farko har ƙarshe. Ta gaida dattijon, sannan ta ce ya ɗora hannuwansa biyu a kan tebur. Tudun naman da ke gindin babban yatsansa na dama ya lotsa, ya zama rami. Ta ajiye allura a gabansa.

"Baba, ɗauko mini wannan."

Ya kai hannu. Allura ta gangara. Ya sake, ta sake gangarawa. Mutumin da ya yi rayuwarsa da basilla, ga shi yana bin allura a kan tebur a gaban yara. Kunya ta rufe shi.

Kellu ta juya wajen ɗaliban. "Ya jiki gaisuwa ce, ku bar ta a bakin ƙofa. In mutum ya shigo, ku duba, ku taɓa, ku sa shi ya yi abin da yake cin abinci da shi." Ta ce jijiya ce ta matse a wuyan hannu, ɗan ƙaramin aiki ake yi a sake ta, da a bara aka yi da tuni an manta.

Tahiru ya ce, "To yanzu fa, 'yata? Zan koma ɗinki?"

Kellu ta ce, "Za mu yi aikin, ciwon zai lafa. Amma ƙarfin yatsan nan, Baba, ba na so in yi maka ƙarya."

Ransa ya ɓaci, ya rasa da wa zai yi fushi. Shi bai yi ƙarya ba, yaran ma ba su yi ba. Da ta roƙe shi ya bari ɗaliban su taɓa hannun su gani, bai hana ba. Zakariya'u ya ƙwanƙwasa wuyan hannun a hankali, idonsa a ƙasa, zafi ya tsarga har kan yatsu.

"Nan ne," in ji Tahiru. "Yana yi mini ciwo, yaro. Ya daɗe yana yi."

Da ƙafa ya koma Birni, yana jan takalmi cikin rairayi. Ya tattara fatun mutane da ya karɓa bai ɗinka ba, ya kai wa maƙwabcinsa Idirisu ya ce ya ƙarasa musu. Sannan ya ja ƙyauren zaure ya rufe, rana tsaka. Kafin la'asar mutanen lungu sun fara sallama a ƙofar gida, suna tambayar Lubabatu ko rasuwa aka yi.