Ƙuri'ar da Muka Ba Yaya Ajiya

Rediyon mijina ce ta tono mini tsohon ciwo. Ina tsakar gida ina tsinkar zogale, shi yana ƙofar gida da 'yan fadarsa suna shan shayi, sai na ji wani mai bakin boko yana ta zuba bayani. Wai zaɓen shugaban ƙasa yana raba kan jama'a, gara a gyara doka, talakawa su zaɓi depitoci, wato 'yan majalisa, kawai, su kuma depitocin su taru a Yamai su fitar da shugaba. Wani ya bugo waya ya ce bai yarda ba, wani ya ce ai haka ake yi a wasu ƙasashe. Mijina ya kurɓi shayi ya ce shi kam ya ga hankali a maganar.

Ban san lokacin da na leƙo ba. Na ce, “Malam, hankalin mi? Ashe ka manta da Yaya?”

Duk wanda ke zaune a wurin ya san abin da nake nufi.

A wajenmu ba mu ne ke zaɓen magajin gari ba. Mu dai mu zaɓi konseye, wato kansiloli, su konseyen su shiga meri, ofishin magajin gari, su zaɓi ɗaya daga cikinsu. Abin da mutumin rediyo yake so a yi wa ƙasa duka, mu mun daɗe da ɗanɗana shi a ƙauyenmu na bakin tafkin Madarumfa.

Shekarar da yayana ya tsaya takarar konseye, ni ce bakinsa a wajen mata. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, shi ya aurar da ni. Mutum ne mai noman rani, ba ya da hayaniya, albasa da tumatir ya sani. Jam'iyyarsu ta ɗauko shi ne don kowa ya shaida ba ya ƙarya. A cikin 'yan takarar jam'iyyar akwai wani tsohon majo, wato babban ma'aikacin jinya na asibiti, wanda ya yi ritaya, aka ce shi za a ɗora a kujerar magajin gari. Majon nan ya ce in ya hau, abin da zai fara nema shi ne ɗakin haihuwa a ƙauyenmu. Mu mata wannan kaɗai muka ji. Wadda ta taɓa raka mai naƙuda a amalanke cikin laka da damina ba sai an yi mata dogon bayani ba.

Na tambayi Yaya a gaban matarsa, na ce, “In mun zaɓe ka, majo za ka zaɓa?” Ya ce, “Auta, in ba shi ba wa?” Da wannan maganar na shiga gida gida. Biki, suna, bakin rijiya, wajen niƙa, babu inda ban kai ba. Ina ce musu ku ba yayana ƙuri'arku ajiya, zai kai ta hannun majo. Maƙwabciyata, tsohuwa mai ciwon gwiwa wadda 'yarta ta rasu wajen haihuwa a hanya, ta riƙe hannuna ta ce, “Ɗiyata, don ke zan tahi.” Ranar zaɓe da sanda ta je, ta tsaya a layi cikin rana har aka zo kanta. Yaya ya ci, muka yi guɗa har muryata ta dushe.

Daga nan ne aka fara abin da ba a faɗa mana ba. Manyan jam'iyya can sama suka ƙulla ƙawance da wata jam'iyya, suka raba garuruwa tsakaninsu kamar naman layya. Namu ya faɗa a kason waɗancan. Aka ce majo ya janye, ya ce ba zai janye ba. Ana saura kwanaki a yi zaɓen magajin gari, wata mota ta zo da hantsi ta ɗauki Yaya daga lambu, ko hannu bai wanke ba. Aka tara su shi da sauran konseyen ƙawancen a wani gida a Maradi, aka karɓe musu wayoyi, wai don kada wani ya juya musu ra'ayi. Matarsa ta zo mini tana kuka. Na ce, yau ga ikon Allah, mutum da gemunsa a ɓoye shi kamar amarya!

Ranar zaɓen muka cika ƙofar meri, sojan gwamnati ya hana mu wuce ƙofa. Mu da muka zaɓe su muna waje, su suna ciki. Da aka fito aka ce majo ya faɗi da ƙuri'a ɗaya. Aka ce kuma an samu ambulan ɗin ƙuri'a guda babu komai a ciki, maza suna ta dariya, wane sakarai ne bai iya sa takarda a ambulan ba. Ni ban yi dariya ba. Kunya ce ta rufe ni, na rasa ta inda zan dubi matan da na kwaso.

Bayan haka kowane konseye ka tare a kasuwa sai ya ja ka gefe ya ce wallahi shi majo ya zaɓa. Da gaskiya suke faɗa duka, da majo ya ci da rinjaye. Yaya kaɗai ya ƙi cewa komai, sai gari ya yanke cewa shi ne ya sayar. Mata suka daina sayen albasarsa. Ni ma, da zuciyata mai saurin hawa, na ɗauke ƙafa daga gidansa. Mu gaisa a wajen rasuwa, mu gaisa ranar salla, shi ke nan. Sabon magajin gari yana da nasa alkawuran a nasa ƙauyukan, maganar ɗakin haihuwa ta bi ruwa.

Ranar da na katse fadar mijina, ban iya ci gaba da zogalen ba. Na yafa mayafi na nufi lambu. Na tarar da Yaya yana ban ruwa, ya rame, furfura ta cika masa gemu. Ban ko gama gaisuwa ba na ce, “Yaya, don girman Allah, wa ka zaɓa?”

Ya ajiye bokiti ya zauna a kan kunya. Ya ce, “Na ɗauka ba za ki taɓa tambaya ba.” Ya ce a gidan nan na Maradi an kawo Alƙur'ani, kowa ya yi alwala ya dafa, cewa ba zai ba majo ƙuri'arsa ba. Ya so ya ƙi, aka zuba masa ido ɗaki guda, ya dafa. Da ya shiga bayan labule ranar zaɓe, ga rantsuwa a wuyansa, ga maganar da ya yi mini. Ya ɗauki takardar majo, hannunsa ya ƙi. Ya ɗauki ta ɗan takarar waɗancan, ya tuna ni. Sai ya liƙe ambulan haka nan ya jefa.

Na ce, “Kai ne?”

Ya ce, “Ni ne sakaran, Auta.”

Na zo da faɗa cike da bakina, na rasa inda zan sauke shi. Tausayinsa ya kama ni, haushi kuma bai sake ni ba. Da ya jefa wa majo, da an yi kunnen doki, da an sake, wa ya sani. Na ɗauki bokitin na ƙarasa masa kunyar da ya fara.

A hanyar gida na iske tsohuwar nan zaune a ƙofarta, ta miƙe ƙafar da ke ciwo. Ita ma ta ji rediyon. Ta ce, “Ɗiyata, ke kin san siyasa. In an koma zaɓe sun ce mu ba wasu su zaɓar mana shugaba, ba komi, ni dai wanda kika ce shi zan ba. Waccan ma ai na san yayanki ya kai mini ita, rinjaye aka yi mana.”

Na ce, “Inna, yaya gwiwar?”

Ta ce da sauƙi.