Agogon Asirans da Ƙafar Inna

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Da ina yaro "kai" take ce mini. Da na gama lakkwal, makarantar boko, na samu aiki a wata ƙungiya mai haƙa rijiyoyi a ƙauyukan Adar, sai ta ƙara mini girma, na zama "Mushe", yadda ake kiran ma'aikacin boko da Faransanci. Idan ta ce Mushe da wata irin murya, na san na yi wani abin da 'yan boko kaɗai ke yi.

Inna mutuniyar Barmu ce, aure ya kawo ta Tawa. Tun da Baba ya rasu tana da wata fita da take yi kowace safiya, bayan ta gama lazimi rana ta ɗan ɗaga. Sai ta ja lulluɓi, ta riƙe wani abu a ƙarƙashinsa, ta ce, "Za ni in komo." Ba ta faɗin inda za ta, mu ma ba ma tambaya. Matata ta taɓa lura cewa dawon da ake kirɓawa a gidan ya fi wanda ake damawa, ta gaya mini, na ce ta bar zancen. Mun san dai akwai inda Inna take kai abinci, kuma ba ta son kowa ya san ko ina ne.

Shekarar da tansiyo ya kama ta, wato hawan jini, na sa sunanta cikin asirans, inshorar lafiya ta wurin aikinmu. Da na gaya mata sai ta yi murmushi.

"Asirans? To madalla. Ashe nasaru ma sun san rufin asiri."

Na yi dariya, na ce kalmar Faransanci ce, ba ta da dangantaka da asiri. Ta ce ni dai in yi ta boko, ita kunnenta ya ji abin da ya ji. Daga ranar ba ta ƙara kiran kamfanin da wani suna ba sai "masu rufin asiri."

Bayan 'yan watanni kamfanin ya fito da wani tsari na tsofaffi masu tansiyo. Za a ɗaura wa mutum agogo a hannu, agogon yana auna bugun zuciya da yawan tafiya da barci, yana aika wa kamfanin. Wanda ya yarda, su za su ɗauki nauyin maganinsa gaba ɗaya. Takardar tana da shafi shida. Na karanta na farko, na sa hannu a na ƙarshe, na dangwala wa Inna yatsa. Ni da nake faɗa da ma'aikata idan sun karɓi siminti ba su duba takarda ba.

Agogon baƙi ne, marar hannaye, sai an taɓa shi yake haske. Inna ta juya shi ta ce ko lokacin salla ba ya nunawa sai an roƙe shi. Amma ta ɗaura, don na ce likita ne ya ce. Jikokinta suka dinga yi mata tsiya wai ta zama madam, ita kuma tana ce musu saura takalmi mai tsini.

Wata na biyu, wakiliyar kamfanin a Tawa ta kira ni biro, wato ofishinsu. Yarinya ce 'yar Damagaram, mai fara'a da ladabi, tana aure a garin. Ta juyo mini da ordinata, kwamfutar da ke kan teburinta, ta nuna mini wasu layuka masu hawa da sauka.

"Yaya, Inna tana ƙoƙari da tafiya. Sai dai likitanmu na Yamai ya ga kullum da safe zuciyarta tana bugawa da ƙarfi wajen minti ashirin, kamar mai hawan tudu da kaya."

Ta danna wani wuri, sai ga taswirar garin, da jan zare ya fito daga ƙofar gidanmu. Ya bi bayan kasuwa, ya kauce wa babban titi, ya hau tudu ta wani lungu, ya tsaya. Zare talatin a kan juna, duk wuri guda suka tsaya. Ta ƙara girman hoton, ta ce, "Laa, ai na san gidan ga. Kusa da gidan surukaina ne."

Ni ma na san shi. Gidan ƙawar Inna ne, wadda suka tashi tare a Barmu. Mijinta a da babban dillalin dabbobi ne, har daga Takanamat da Tebaram ake kawo masa raƙuma, kafin idanunsa su mutu. 'Ya'yansu maza biyu sun tafi biɗa, wato ci-rani, Libiya shekaru da yawa. Duk garin an san cewa su ke riƙe da gidan, domin haka uwarsu take faɗi a wurin biki da suna, da wankakken zanenta da kanta a sama. Ina kallon jan zaren nan na gane cewa babu abin da ke zuwa daga Libiya. Abin da ke shiga gidan daga ƙarƙashin lulluɓin Inna yake fitowa, ta ƙofar baya.

Yarinyar ba ta gane komai ba tukuna. Ta ce in gaya wa Inna ta rage ɗaukar kaya, ta tura mini hoton a talho, wayata ta hannu, muka yi sallama.

Na koma gida ina jin kaina kamar wanda ya leƙa ɗakin da ba nasa ba. Na samu Inna tana tsince zogale a tsakar gida. Maimakon in yi shiru, sai bokon ya motsa. Na ce mata likita ya ce ta daina hawan tudu da kaya, kuma idan don gidan su wance ne, ni zan riƙa kai musu a moto, babur ɗina.

Hannunta ya tsaya a cikin tiren. Ba ta ɗago ba.

"Wa yah hwaɗa maka?"

Na nuna agogon. Na buɗe talho na nuna mata zaren. Ta daɗe tana kallo, ta bi shi da yatsa daga ƙofarmu har inda ya tsaya. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Inna ba sai ranar, ko lokacin da likita ya ce jininta ya hau ba ta yi haka ba.

"Mushe," ta ce, "bayan kai, wa yag gani?"

Na ce wakiliyar, da likitan Yamai, da wataƙila wasu a kamfanin. Ta tambaye ni su nawa. Na ce ban sani ba. Ta ce a ina suke ajiye shi. Na ce ban sani ba. Ta ce ashe na sa ta dangwala yatsa a kan abin da ban sani ba.

Washegari ta rataye agogon a ƙusa kafin ta fita, ta ɗaura da ta dawo. Kwana biyar aka yi haka, sai saƙo ya shigo cewa idan ana cire shi kullum za a fitar da ita daga tsarin. Na yi ta lallashi. Na ce maganin nan ba wasa ba ne, na ce mutanen Yamai ba su san kowa a Tawa ba, ba ruwansu da wanda ke cin tuwon wa. Har na ɗaga murya, abin da nake jin kunyarsa har yau. Ta bar ni na gama, sannan ta ce in kai ta wurin masu rufin asirin.

A biro ta ƙi zama sai da ta gaida yarinyar, ta tambayi mijinta da surukanta. Sannan ta kwance agogon ta ajiye a kan tebur a hankali.

"Ɗiyata, ga kayanku. Ni na aza rufin asiri kuka yi."

Yarinyar ta ce ai don lafiyarta ne, kuma ba a ba kowa bayanin.

"Ke ba ki gani ba?"

"Na gani, Inna."

"To ke mutum ce, kuma kina da surukkai. Zuciyag ga tau ce, in kuna so ku ƙidaya ta har ku gaji, ban hana ku ba. Amma ƙohwad da ƙahwata ka shiga ba tau ba ce. Masu gidan ba su dangwala muku yatsa ba."

Na ga lokacin da yarinyar ta gane, domin idonta ya sauka daga fuskar Inna zuwa tebur. Ta ce da ƙaramar murya ita ba ta da ikon goge abin da ya riga ya tafi Yamai, amma abin da ta gani da idonta, ba zai fita daga bakinta ba. Inna ta ce, "Shi na zo biɗa. Allah shi rufa miki asiri." Aka cire ta daga tsarin a ranar. Na koma sayen rabin maganin da kaina, ina gunaguni, ita kuwa ko a jikinta.

Na yi fushi da ita kwana biyu, na yi alfahari da ita tun daga lokacin har yau. Matar da ba ta iya karanta ko harafi ɗaya na takardar nan ba, ita ce ta ga abin da ke cikinta sarai, ni mai difloma na sa hannu.

Bayan shekara guda ƙawar tata ta rasu. Ranar addu'ar uku na je ɗaukar Inna, na tsaya a bakin ƙofar da mata suke ina jiran ta fito. Ina jin wata dattijuwa tana cewa marigayiyar ta yi sa'ar 'ya'ya, har ta koma ga Allah ba ta taɓa miƙa hannu ga kowa ba, yaran suna can nesa amma ba su bar ta ta nemi komai ba. Mata suka amsa da Allah shi yi musu albarka. Muryar Inna ta fi ta kowa fitowa wurin cewa amin. A gefe na hango wakiliyar kamfanin cikin surukanta, kanta a sunkuye, ita ma tana cewa amin.

Da muka iso gida na buɗe talho na goge hoton taswirar. Na san akwai irinsa a wata na'ura a Yamai, wannan ya fi ƙarfina.

Da safe Inna ta ja lulluɓi, da kwano a ƙarƙashinsa, domin makahon yana nan da rai. Na ce ta bari in kai ta ko gindin tudun ne, saboda zuciyarta. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Mushe, duk Tawa wa ab bai san ƙaram moton ga naka ba?"

Ta gyara lulluɓinta ta ce, "Za ni in komo." Na tsaya a zaure har ta sha kwana, ban bi ta da ido ba.