Kabejin Ɗakin Murja

Duk wanda ke bin motar Malumfashi zuwa Dayi ya san gidan, ko da bai san mai gidan ba. Yana gefen hanya kafin a shiga gari: danga ta jingina da bishiyar bedi, rumbuna sun zauna babu komai a cikinsu, ɗaki ɗaya tak ke fitar da hayaƙi. Mai gidan shi ne Baba Tanimu, dogon tsoho mai faɗin tafin hannu, wanda 'yan acaɓa ke ɗaga wa hannu ba tare da sun rage gudu ba.

Bamaguje ne, kuma a wannan gefen shi kaɗai ya rage a kan al'adar kakanni. Ɗansa Haladu ya musulunta tun yana saurayi, yana tuƙa motar ɗaukar masara a Funtua. 'Yarsa, wadda har yau Ladi yake ce mata a zuciyarsa, ta zama Amatullahi, tana aure a Dandume. Ba su yar da shi ba. Sukan aiko da shinkafa da sabulu, kuma duk zuwan da Haladu zai yi sai ya ce ya tattara ya dawo Funtua, akwai ɗaki. Amma ziyararsu ta tsaye ce. Su gaishe shi, idonsu ya faɗa kan gindin tsamiyar da yake zuba wa farau-farau don kakanni, su kau da kai cikin ladabi, su ce rana na yi.

A gidansu Tanimu in mutum ya mutu ba a rushe ɗakinsa, ba a kuma sa wani a ciki. Ja masa ƙofa ake yi a bar shi da damina ta ci shi a hankali. Abin da ya faɗi a cikin ɗakin kuwa na mai ɗakin ne, ba a kwashe shi a kai waje. Ɗakin marigayiya matarsa Murja ya yi taurin kai irin nata. Damina ta daɗe tana dukansa kafin jinka ta zauna, bango ya bi bayanta. Da ƙasa ta kwanta, sai Tanimu ya ɗauko fartanya ya yi kunyoyi a daidai inda gadonta yake, ya dasa kabeji.

Ga mai tambaya, amsarsa a shirye take: babu ƙasa mai ƙarfi kamar ta tsohon ɗaki, ga toka, ga ruɓaɓɓiyar jinka, ga rijiya kusa. Duk gaskiya ne. Sai dai ba shi ne dalilin ba.

Murja ce ta kawo kabeji gidan. Ƙawarta Ozioma, 'yar kudu mai sayar da shinkafa a tashar Malumfashi, ita ta ba ta irin farko, ta ce ta gwada, ita za ta riƙa saye. A lokacin Tanimu dariya ya yi ta yi, wai wane irin ganye ne wannan mai dunƙule kansa kamar bushiya. Yanzu ba wanda ya kai shi sanin halin ganyen.

Kabeji maƙiya gare shi. Akwai farin malam-buɗe-littafi mai ajiye ƙwai a bayan ganye. Akwai 'yar koriyar tsutsa wadda in ka taɓa ta sai ta sulale ta rataye da zare kamar gizo-gizo. Akwai darɓa mai cunkushewa a tsakiyar ganye kamar an zuba dusa. Tanimu ya san lokacin kowa. Yakan daka ganyen bedi da barkono ya jiƙa, ya tace, ya sa ɗan sabulu, ya shafe ganyen da shi. Yakan barbaɗa toka tun raɓa ba ta bushe ba. Ƙananan da ke reno kuma ya lulluɓe su da gidan sauron Murja, wanda ya tono daga ƙarƙashin jinka. Sauran aikin na yatsa ne: ya tsuguna, ya juya ganye ɗaya bayan ɗaya, ya tsince tsutsa ya jefa a gwangwani, kaji na jira a bayansa.

Haladu ya taɓa kawo masa famfon feshi da kwalbar magani. Suna nan rataye a rumbu. Tanimu ya ce warin ne ba ya so. Gaskiyar ita ce kafin koko ya huce feshi zai gama aikin da ke cinye masa safiya sukutum, shi kuwa safiyar yake so. A nan yake ba Murja labari. Wane ya wuce da sabon babur, akuyar wa ta shigo, Ladi ta sake haihuwa amma bai ga jaririn ba tukuna. Muddin hannunsa na juya ganye, bakinsa na tafiya, ba ya jin kansa kamar mai magana shi kaɗai. Manomi ne yake aiki.

Kawunan da suka ƙosa yakan sare su fita, don Murja ba ta taɓa hana baƙo abinci ba. Amma ganyen ƙasa, da kututture, da duk wanda ya lalace, nan yake turbuɗe su a ɗakinta. Ban ruwa kuma da ƙwarya yake yi, ya ɗiba ya watsa da hannu a kan ganye, kamar yadda take yayyafa wa daɓe kafin shara.

Mai sayen kawunan mutum ɗaya ce: Chinaza, 'yar Ozioma. A Malumfashi aka haife ta, Hausar bakinta ta Katsina ce tsantsa. Uwar ta tsufa ta koma kudu, ita ta gaji tukunya da rumfar tasha. Duk ranar kasuwa a lokacin kabeji takan sauka daga acaɓa da buhu a hammata, ta turo ƙyauren kara ba tare da jiran izini ba.

"Baba, ina kwana? Yaya dabbobin naka?" Tsutsotsin take nufi.

"Suna gaishe ki, ɗiyata. Sun ce ke ce ke cinye musu abinci."

Takan zauna a kan turmi ta sha ruwan rijiya, ta yi ƙorafin direbobi masu ci su ce a ƙara miya, shi kuma ya yi mata tsiyar cewa ta ƙi aure don kada a ci mata nama. Tanimu ya san manyan motoci na sauke kabeji a Funtua wanda ya fi nasa girma da araha. Bai taɓa tambayarta me ke kawo ta Dayi ba. Tsoro yake ji kada tambayar ta sa ta yi tunani, tunanin ya hana ta zuwa.

Bara ya fara ganin abin, ya ce sanyi ne. Bana ya dawo da ƙarfinsa. Ganye ya fara rawaya daga baki, rawayar ta yi tsini tana nufar tsakiya, jijiyoyin suka yi baƙi kamar an ja su da gawayi. Ya duba bayan ganye, babu tsutsa. Ya ƙara toka, ya ƙara ruwan bedi. Ya tsinke waɗanda suka kamu ya binne a gindin 'yan'uwansu, ya watsa ruwa. Kunyar da ke gaba ita ma ta kamu.

Chinaza ce ta ɗauki ganye ɗaya a leda ta kai wa Mudi, mai shagon iri a Funtua. Da ta dawo ba ta tambayi dabbobi ba. Ta ce Mudi ya ce wannan ba aikin ƙwaro ba ne, cuta ce mai bin jijiyar ganye. Tana kwana a cikin ragowar da aka binne, ruwan da ake watsawa kuma shi ke ɗaukarta daga wannan ganye zuwa wancan. Babu feshin da ke warkar da wanda ya kamu. Sai dai a tumɓuke duka a ƙone, a bar wurin ya huta wasu shekaru ba kabeji, a koma sabon wuri da sabon iri, a riƙa zuba ruwa a gindi.

"Ƙasar nan ta fi ni lafiya," in ji Tanimu.

"Kai kake ciyar da cutar, Baba. Duk ganyen da ka binne, tuwo ka ajiye mata."

"Kin san ko ina ne nan?"

"Na sani." Ta nuna kusurwar gabas da haɓa. "Can randarta take. Nan nake zama in ci ɗanwake ina yarinya. Amma ba zan zuba wa mutane ruɓaɓɓe a faranti ba."

Da ta tafi ya kai ƙararta wurin Murja: yarinyar da aka goya a gidan nan ita ce yau za ta ce a sa wa ɗakinki wuta. Ya yi ta faɗa yana tsinke ganye. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ana jibi kasuwa ya zaɓi kawunan da suka fi kyan gani, ya ɓare musu ganyen waje har sai da rawayar ta ɓace, ya binne ɓawon da zurfi, ya take da ƙafa. Ranar kasuwa ya wanke su ya jera a inuwar bedi, ya ce mata ga shi, toka ta yi aiki.

Chinaza ta dube su, ta dube shi. Ta ciro 'yar wuƙa daga jakarta ta raba ɗaya biyu. A cikin kututturen akwai baƙin zobe, wani wari kuma ya taso kamar na kwatami. Ba ta yi masa gori ba, shi ne abin da ya fi yi masa ciwo. Ta goge wuƙar, ta naɗe buhunta, ta yi masa sallama doguwa irin wadda ake yi wa dattijon da ba a saba da shi ba. Ya tsaya yana jin ƙarar babur ɗin har ta narke a cikin ta sauran motoci.

Ya koma ya tsuguna a cikin kunyoyin. Mutum biyu gare shi a duniya da yake magana da su ba a tsaye ba: ɗaya ba ta amsawa, ɗaya tana amsawa. Ya so ya riƙe duka biyun da kabeji ɗaya, ga shi kabejin ya ruɓe. Abin da ya fi damunsa kuma shi ne daga ɗakin Murja ya fito da ruɓaɓɓen abinci ya miƙa wa 'yar Ozioma, yana murmushi. Murjar da ta taɓa zubar da tukunyar miya guda saboda ta ga ƙuda a ciki.

Al'ada ta hana a fitar da abin ɗaki waje. Ba ta hana wuta ba. Ita kanta Murja a tsakiyar ɗakin take hura wuta lokacin sanyi. Washegari ya tumɓuke su duka, har waɗanda ke da sauran kore. Ya tono abin da ya binne iya inda fartanya ta kai. Ya shanya su a wurin rana ta sha ruwansu, sannan ya tara su a kan karan dawa a daidai gurbin murhunta, ya kunna da la'asar. Hayaƙin ya yi kauri, ya kwanta a kan titi. Wani ɗan acaɓa ya taka birki ya leƙo ta danga ya ce, Baba lafiya? Ya ce lafiya lau. Gidan sauronta ya naɗe ya danne da dutse a inda gado yake.

Ya yi sababbin kunyoyi can bayan rijiya, jikin danga, inda ba a taɓa shuka komai ba sai kuɓewa. Iri ne babu. Kasuwa ta ci, ya zauna a kan turmi yana kallon hanya har masu tallan rake suka tashi. Ba ta zo ba. Bai ba kowa labari ba, don babu ganyen da zai juya.

Kasuwar gaba, hantsi ya ɗaga, ƙyauren kara ya motsa.

"Hayaƙinka har tasha, Baba. 'Yan acaɓa sun ce ka ƙone gidan."

Ta miƙa masa 'yar takardar iri ba ta ko kalli fuskarsa ba. Ta je ta duba kunyoyin, ta ce sun yi kusa da juna, ta tambayi abin lulluɓi. Ya shiga ɗaki ya kwance nasa gidan sauron ya kawo. A lokacin ne ya lura da buhun a hammatarta, a naɗe kamar kullum, alhali ta san babu ko kai ɗaya a gidan.

"Buhun fa, ɗiyata?"

"Hannu ne ya saba." Ta tsuguna tana murje ƙasa. "Zan riƙa leƙowa in ga ko sun fito. Kai ba a barinka da ƙwarya."

Ya ɗebo mata ruwan rijiya.

Yanzu da safe yakan fara zuwa kufan. Ya tsuguna a bakin tokar, hannuwansa a kan gwiwa, ya buɗe baki. Akwai labari: irin ya fito, Chinaza ta yi faɗa da direba, sauro ya hana shi barci. Amma babu abin juyawa, kuma muryarsa ita kaɗai a fili sai ta yi masa kama da ta tsoho mai sambatu. Yakan daɗe a haka. Kaji su zagaye shi, su ga babu gwangwani, su watse.

Sai ya miƙe ya ɗauki buta, ya tafi bayan rijiya, ya ɗaga gefen gidan sauro, ya zuba wa kowanne ruwa a gindi, a hankali, kada ya taɓa ganye.