Wankan Jego da Murhun Sharar Asibiti

Daga Katsina

Ana idar da sallar asuba mota ta ɗauke ni zuwa filin jirgin Kano. 'Yata Hadiza ce ta haihu a Amurka, na ɗauki hutu daga asibitin da nake aikin jinya don in je wankan jego. Inda muka fara sauka a ƙasar, jami'i ya buɗe jakata, ya shinshina daddawa ya yamutsa fuska ya bar min ita. Kilishi kam ya tafi.

Greensboro

Mijinta Mamman Sani, ɗan Maraɗi, shi ya tarbe ni. Gidansu ƙarami ne a gabashin garin Greensboro, kusa da jami'a. Abin da na sani kawai, wai aikin asibiti yake. Amma kullum ya dawo sai ya bar takalmansa a waje, ya yi wanka kafin ya taɓa jaririya. Na tambayi Hadiza, ta sunkuyar da kai.

"Mama, sharar asibiti yake kwasa da babbar mota. Ya ce kar in faɗa miki, kar ki ga kamar ya kawo ni wahala."

Da yamma na ajiye kunyar surukuta na kira shi. Ya zo ya durƙusa.

"Sharar nan, ina kuke kai ta?"

"Ƙonawa ake, Inna. Ni dai kamiyo nake ja, babbar motar ɗaukar kaya."

"To, sai ka kai ni in gani."

Ya ɗago ya dube ni, ya ga da gaske nake. Bai san a asibitinmu rami muke zuba tamu ba, a watsa kananzir a cinna wuta, hayaƙi ya cika ɗakin masu haihuwa. Bara ma allura ta soki wata mai shara a ƙafa, muka yi watanni cikin zullumi kafin gwaji ya nuna lafiya lau.

Bayan gari

Ogansa ya yarda, ran Asabar muka tafi a ƙaramar motar Mamman Sani. Muka bar gidaje muka shiga cikin dogayen itatuwa. A bakin ƙofa suka ba ni hular kwano da tabarau, na ɗora hular a kan ɗankwali, Mamman Sani na ɓoye dariya.

Jajayen ledoji da akwatunan allurai na tafiya a kan bel ɗin injin da ke jan su zuwa murhu, ba hannun da ke taɓa su. Na leƙa murhun ta ɗan gilashi, wuta har ta yi fari. Wata baƙar fata mai kula da wurin ta nuna min bututu: zafin wutar ke tafasa ruwa, tururin ya wuce gini na gaba inda ake wanke zannuwan gadon marasa lafiya. Hayaƙin ma sai an tace shi. Na daɗe tsaye.

A hanyar dawowa na ce, "Allah ya yi maka albarka. Aikinmu ɗaya da kai."

Sai ya tsaya ya sayo min gasasshen kifi.

Gida

Bayan arba'in na dawo Katsina lafiya. Murhu irin nasu ya fi ƙarfinmu, amma na sa an ajiye jarka mai murfi a kowane ɗaki don allurai, shugabanmu kuma ya yarda aka mayar da ramin can bayan katanga. Na gode wa Allah, na gode wa masu masaukina. Da na faɗa wa Mamman Sani zancen jarkokin da ramin a waya, sai na ji yana kwaɗa wa Hadiza kira ta zo ta ji da kunnenta.