Fannami Kuku da Kwalbar Ganyen Teku

Duk wanda ya ci kasuwar Haɗejiya a shekarun da suka biyo bayan yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, ya san Fannami mai kanwa, wani gajeren mutum mai faɗin kafaɗa, kullum da farin ƙyalle ɗaure a ƙugu irin na masu dafa wa Turawa abinci. Kanwa yake kasawa, amma in ka ce masa mai kanwa ba zai waiwayo ba, sai ka ce Kuku. Mutane na yi masa dariya a kan haka, don ba su san mafarin abin ba.

Kakanninsa daga bakin tafkin Chadi suka taso da jakuna ɗauke da kanwa. Da suka iso Kirikasamma suka ga ruwa ga kifi ga dausayi, suka sauke kaya, ba su sake ɗaurawa ba. A gidansu kanwa ta wuce kayan miya, ta kusa zama ɗan'uwa. Ciki ya murɗa, kanwa. Wake ya ƙi nuna, kanwa. Jaki ya rame, kanwa. Mace ta haihu, kunun kanwa har kwana arba'in. An ce ko faɗa aka kawo wa ubansa ya raba, sai ya ce a bai wa kowa ya lasa tukuna a ga ko zuciya za ta sauka. Cikin wannan tarbiyya Fannami ya tashi, ya kuma tafi da ita duk inda ya sa ƙafa.

Yana saurayi ya shigo Haɗejiya, ya kama ɗiban ruwa a barikin Turawa. Daga ɗiban ruwa ya koma hura wuta, daga hura wuta ya koma firar dankali. Shekara bakwai yana leƙen hannun wani tsohon kuku, har ya iya burodi, ya iya gasa dinya, ya iya soya giwan ruwa yadda ko maƙiyinsa ya ci sai ya lashe yatsa. Hannu dai Allah ya ba shi, wannan ko Falmata matarsa, wadda ba ta yabon komai, ba ta musu.

Baturen da ya fara damƙa masa madafa shi kaɗai wani mai awon ruwa ne, an aiko shi ya auna yadda kogi ke cika yana malala cikin fadama. Dogo ne siriri, fari fat, wuni yake tsaye cikin ruwa da sandar awo, shi ya sa masunta suka raɗa masa Balbela. Ba shi da faɗa, ba shi da fara'a, maganarsa a rana ba ta cika goma.

To, kuku a wancan zamani ba shi da gona sai takardar shaida. Bature ba ya daɗewa a gari, shekara biyu uku an ɗauke shi. In zai tafi sai ya rubuta wa kukunsa 'yar takarda da Turanci, da ita ake neman aiki a gida na gaba. Ba takarda, ba aiki. Kuma masifar ita ce mai takardar ba ya iya karanta ta. Kowane kuku ya san labarin Hamman, wanda ya yi ta yawo da tasa yana taƙama daga Haɗejiya har Nguru, gida-gida ana korarsa, ashe abin da aka rubuta a ciki shi ne a kula da gwangwanin sukari in yana kusa. Fannami bai taɓa samun takarda ba, ta Balbela ce za ta zama ta fari, don haka ya ɗauki ransa ya ɗora a kanta.

Abu ɗaya ne ke ci masa tuwo a ƙwarya a gidan. A kan kanta cikin sito akwai wata kwalba mai faɗin baki, cike da wani ganye sirara masu kauri, suna iyo cikin ruwa. Balbela ya taɓa gaya masa, da gurguwar Hausarsa, cewa ganyen a jikin duwatsun bakin teku yake fitowa a ƙasarsu, tsohuwarsa ce ke hawa ta tsinko, ta wanke, ta jiƙa cikin ruwan khal, wannan ruwa mai tsami na Turawa, shi ke hana shi lalacewa. Kowace shekara takan aiko masa da uku a jirgin ruwa. Da yaƙi ya ɓarke jirage suka ɗauke ƙafa, saura ɗaya ke nan. Duk ranar Lahadi sai ya sa cokali mai yatsu ya ciro sili biyu, biyu tak, ya ajiye gefen kifi, ya tauna ƙaras-ƙaras ido a rufe.

Wannan rufe ido shi ke ƙona wa Fannami rai. Shi ya tashi da sassafe ya zaɓo kifi a bakin kogi, shi ya sha hayaƙi, amma ba a taɓa rufe ido don kifinsa ba, sai don wani ganye da ya koɗe ya koma kalar kakin ɗan doka. Ganyen kirki ai kore ne shar. Ganyen da ya shekara biyu a ruwa bai narke ba, bai ruɓe ba, shi kam bai yarda da shi ba.

Ana nan sai takarda ta zo daga Kano, an kira Balbela aikin soja, wata guda ya rage masa. Kafin ya tafi ya shiga kwalekwale rangadin ƙarshe na kwana goma, ya bar wa Fannami makullin sito, ya ce a goge kanta saboda tururuwa. Fannami ya goge kanta tsaf. Da ya zo kan kwalbar ya ɗaga ta, ya ajiye, ya sake ɗagawa. Shaiɗan dai ba ya hutu. Ya murɗe murfi.

Warin da ya daki hancinsa sai da ya yi atishawa uku. Ya daure ya ciro sili ɗaya ya tauna, nan take haƙoransa suka mutu, hawaye ya zubo. Sai tausayi ya kama shi, tausayi na gaske. Ashe bawan Allah nan abin da ya yi tsami yake ci duk Lahadi don kunyar uwa! Ashe rufe idon na azaba ne! Tsohuwa ta manta da gyara, ɗa kuma ya kasa faɗa. Alhali ko yarinyar da ta fara koyon girki jiya ta san in yakuwa ta yi tsami, kanwa ake jefawa ta kashe shi. Ya ce a ransa ga alherin da zai yi wa maigida na ban-kwana, takarda kuwa sai ta cika shafi biyu.

Ya ɗauko ungurnu, kanwar da ba ta da ta biyu, wadda yake ɓoyo don kansa. Ya daka, ya cika cokali, ya yi bismilla, ya zuba.

Kwalba ta ce fuuu. Kumfa ta taso ta cika baki, ta malalo kan kanta, ta sauko ƙasa tana bin ƙafarsa. Ya danne da tafin hannu, ta fito ta tsakanin yatsu. Ya kifa mata kwano, kwanon ya ɗaga. Ya ja da baya yana karanta duk abin da ya zo bakinsa, har da addu'ar shiga kasuwa. Da abin ya lafa ya ɗanɗana, tsami kam ya mutu murus. Ya share zufa, ya ce ai dama ciwo in zai fita sai ya yi gardama.

Kwana biyu ganye ya saki jiki ya yi laɓo-laɓo. Kwana huɗu ruwan ya yi kauri yana yauƙi. A kwana na shida funfuna ta yi masa hula, warin kuwa ko karen bariki da ya leƙo sito juyawa ya yi. A nan ido ya raina fata. Fannami ya naɗe kwalbar cikin riga ya kai wa Falmata.

Falmata ta leƙa, ta toshe hanci, ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce garin gyaran gira ya rasa ido, kuma tun ranar da aka kawo ta gidansa ta san kanwa ce za ta kashe su. Sai da ta yi mai isarta, sannan ta yafa mayafi ta ce ya wuce su je fadama. Suka yi ta dube-dube a bakin ruwa har suka sami harshen saniya, wani ɗan ganye mai kauri da ke shimfiɗe a ƙasa, wanda in an kanne ido ɗaya zai yi kama da na tekun. Khal babu, don na gidan ya ƙare tun bara, sai ta jiƙa tsamiya mai kauri ta tace, ta sa gishiri. Aka wanke kwalba da toka, aka jera ganye, aka zuba ruwa. Ta juya ɗauko murfi ke nan ta ji fuuu a bayanta.

Fannami na tsaye, yatsu biyu a sama, da garin kanwa a jikinsu. Ya rantse da kabarin ubansa bai san lokacin da hannun ya tafi ba. Kuma gaskiya ya faɗa, hali zanen dutse ne. Da za a sake sabon haɗi Falmata ta kore shi waje, ta sa sakata, ta gama aikin ita kaɗai, yana daga bakin ƙofa yana ba da shawarar a ɗan sa ko ƙanƙanuwa ce.

Balbela ya dawo ranar Asabar. Lahadi aka kawo kifi, aka kawo kwalba. Ya buɗe, ya sunsuna, ya tsaya. Ya ciro sili ɗaya ya ɗaga shi wajen haske, ya sa a baki, ya tauna, ido a buɗe. Fannami na jikin bango da ƙyalle a kafaɗa. Falmata ta riga ta koya masa abin da zai ce, wai zafin ƙasar nan ne ke sauya ganye. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ga yadda mutumin ya riƙe kwalbar da hannu biyu, ya fasa ƙaryar.

Ya ce, "Maigida, na tsohuwarka ni na kashe shi. Na ji tsami, na zaci lalacewa ya yi, na sa kanwa. Wannan na fadama ne."

Balbela ya dube shi har Fannami ya ji dama ƙasa ta tsage. Bai yi faɗa ba. Ya mayar da murfi, ya ture kifin, ya fita ya tsaya a baranda yana kallon kogi. Sauran kwanakin nan in ya ce shayi, shayi ne kawai, in ya ce ruwa, ruwa. Ranar tafiya, mota na jira za ta kai shi tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori, ya miƙo wa Fannami takarda a ninke, fuska ba yabo ba fallasa, ya shiga mota.

Fannami ya riƙe takardar kamar garwashi. Shi ya san abin da ke ciki, ai ba sai an faɗa masa ba. In Hamman don sukari aka yi masa haka, ina ga wanda ya kashe tsarabar uwa? Ya kai wa baduku ya ɗinke ta cikin fata kamar laya, ya jefa ƙasan adaka. Turawa suka yi ta zuwa suna tafiya, sau uku ana aiko masa ana neman kuku, sau uku yana cewa ƙafa ke damunsa, don ya san kalmar farko da za a ce ita ce ina takarda. Ya koma sana'ar kakanni. Falmata ta yi magiya ta yi gori a kai wa wani ya karanta, ya ce shi ba zai biya mutum ya zage shi da Turanci ba. Haka aka shekara goma sha shida. Gemu ya yi fari, ido ya fara hazo, ana ta zancen Turawa sun kusa naɗe tabarmarsu.

Sai wata damina kogi ya yi fushi, ruwa ya shiga unguwa, ya jiƙa adaka da abin da ke ciki. Da rana ta fito Falmata ta baza kaya a ƙofar gida. Ta ga fatar ta kumbura, ta sa wuƙa ta farke, ta shanya takardar a kan faifai. Allah ya sa da fensir aka rubuta, bai goge ba. Ko da gangan ko ba da gangan ba, daidai hanyar Malam Tukur ta ajiye faifan, malamin elementare da ke maƙwabtaka da su, mutumin da ko takardar ƙunshin ƙosai ya gani sai ya karanta. Fannami ya fito daga zaure ya tarar da shi tsugune, baki na motsi. Ya so ya koma ciki, ya fasa.

Malam Tukur ya ɗago ya ce, "Baba, wannan taka ce? Ai kuwa ka ɓoye dukiya." Ya fassara a hankali. "Mai wannan takarda, Fannami, ban taɓa cin girkin da ya kai nasa ba, a nan ko a ƙasarmu. Ya yi mini kuskure mai zafi, ya faɗa da bakinsa alhali yana iya ɓoyewa. Wanda ya ɗauke shi ya yi sa'a. Sai dai a ɓoye masa kanwa."

Falmata ta fashe da dariya, ta yi ta yi har ta dafa bango, daga nan dariyar ta juye, ta ja mayafi ta rufe fuska. Fannami ya zauna a dakali. Ya dubi hannayensa, sun tsufa, sun yi fari da garin kanwa. Baƙin ciki da daɗi suka haɗu masa, ya rasa wanda zai fara ji.

Can ya ce, "To shi me ya hana shi faɗa da baki?"

Ya goge ido da farin ƙyallen ƙugunsa, ya gyara zama.

"Malam, sake karanto mini daga farko. Kada ka yi sauri. In ka zo wajen kanwa ka tsaya, wannan ra'ayinsa ne."