Barista Abdulmumini Yahya: Shekara Sittin da Sunan Aro

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayin a shekarar 1953 a Gidan Ƙirya, wani ƙauye da ke ƙasar Bagwai. Mahaifinsa Malam Dogo manomi ne, mahaifiyarsa Tani, sunan da aka raɗa masa kuwa Sama'ilu. A 1961 aka umarci kowace unguwa ta ba da yaro ɗaya a sa shi boko, aka rubuta Abdulmumini, ɗan mai unguwa Yahya. A zamanin nan boko abin gudu ne, sai mai unguwa ya ɓoye nasa ɗan, ya tura ɗan Malam Dogo, aka ja masa kunne ya riƙa amsa sunan da ke cikin rajista. Ina talaka ina musu da mai unguwa? Da wannan suna ya yi firamare da sakandare, da shi ya karɓi digirin shari'a, har aka rantsar da shi lauya a 1979.

Aiki

A 1988 wata jami'a ta naɗa shi mai ba ta shawara kan harkokin shari'a, ya shekara ashirin da biyar bai taɓa karɓar ko goro ba. Jami'o'i da dama sun kwafi ƙa'idojin ladabtar da ɗalibai da ya tsara. Ikon Allah! Shi ne kuma ya rubuta dokar soke digirin duk wanda ya yi karatu da sunan wani. A 2009 aka gurfanar da Usaini, ɗalibi daga Minjibir, wanda ya shiga jami'a da takardun yayansa marigayi. Barista ya sa hannu aka kore shi saura wata biyu ya kammala. Daga ranar bai sake zama a kwamitin ladabtar da ɗalibai ba, har ya yi ritaya a 2013.

Aure

Ya auri Hajiya Zakiyya, 'yar birnin Kano, a 1982. Iyayensa sun riga sun rasu, kuma bai taɓa kai iyalinsa ƙauye ba, ko da salla.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 8 ga Maris, 2022, ya bar wasiyya a binne shi kusa da mahaifinsa. Da tawagar jami'a ta iso Gidan Ƙirya tana tambayar gidan su marigayi Abdulmumini Yahya, sai aka kai su gaban wani tsoho yana gyaran fartanya, aka ce ga shi nan da ransa. Innalillahi! Manyan farfesoshi suka yi cirko-cirko, Hajiya Zakiyya ta zauna daɓas a ƙasa. Tsohon ne da bakinsa ya warware musu zancen, shi ne kuma ya shiga sahun gaba aka sallaci Sama'ilu ɗan Dogo.

Ragowar wasiyyar layi ɗaya ce zuwa ga jami'a: ko a mayar wa Usaini karatunsa, ko shi marigayin a soke nasa digirin. Har yau majalisar jami'ar ta kasa yanke hukunci, domin dokar da ya rubuta ba ta bar ƙofa ba.

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: Dakta Tahira, Barista Nababa, Aina'u da Zulfa. Dukkansu Abdulmumini ne a takardunsu, sunan mutumin da ba su taɓa gani ba sai ranar jana'izar mahaifinsu. Allah ya jiƙan Malam Sama'ilu.