Birkin da Ya Ɓace Ya Dawo

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai riƙe abin da hannun bawa ya kasa riƙewa. Bayan haka, ina nufin in ba da labarin wani maƙwabcina bakanike, wanda duk unguwa ba ta kiransa da komai sai Mai Birki. Na zauna kusa da shi shekaru masu yawa, kuma abin da zan faɗa da idona na gani, da kunnena na ji.

Garejinsa rumfar kwano ce a ƙarshen layinmu, ƙasarta ta yi baƙi da tsohon mai, akwai rami a tsakiya inda yake shiga ƙarƙashin mota, da benci guda a gefen inuwa. A kan wannan benci nake zama da hantsi idan na sallami masu ɗaukar karatu. A ƙuruciyarsa direban babbar mota ne, har ranar da birki ya ƙwace masa da kaya cike. Ya tsira da ransa da ɗingishi a ƙafar hagu, ya ajiye tuƙi, ya koma koyon gyaran abin da ya kusa halaka shi. Tun daga lokacin tsoro bai rabu da shi ba, kuma bai taɓa ɓoye shi ba. Direbobi kan zolaye shi su ce, "Mai Birki, kai ko keke aka kawo maka sai ka ce a kwantar da shi asibiti." Yakan yi murmushi, amma ba ya sakin mota sai zuciyarsa ta natsu.

Hanyar bincikensa ta burge ni, domin ba ya yanke hukunci sai da alama. Yakan cire takalmi ya ɗora tafin ƙafa a kan fedar birki, ya danna, ya yi shiru kamar mai sauraro. Ya bayyana mini cewa birkin mota mai ne a cikin siraran bututu: ƙafa ta tura feda, feda ta tura man daga wani famfo da suke kira masta, man ya isa tayoyi ya damƙe su. Idan feda ta yi laushi kamar soso, iska ce ta shiga bututu. Idan ta yi tauri sannan ta riƙa nutsewa a hankali ƙarƙashin ƙafa, robobin masta sun gaji. Idan kuwa man ya ragu a kofin da ake zuba shi, to akwai yoyo, sai a bi cikin tayoyi da ido a nemi danshi.

Yana da 'ya'ya mata, ƙaramarsu ita ce Auta, wadda ta auri wani direban ƙaramar bas. Mijin nata yaro ne mai ladabi, yana jin nauyin surukinsa ƙwarai, har ba ya iya haɗa ido da shi. Yakan ɗauko fasinja daga wata kasuwa da ke kan tudu zuwa garinmu. Hanyar tana saukowa ne a gangara biyu. Ta farko gajeriya ce, sai ɗan fili, sai ta biyu mai tsawo da lanƙwasa, wadda take ƙarewa a kan wata siririyar gada bisa kwari mai zurfi.

Wata rana da hantsi ina kan benci, Mai Birki yana wanke hannu, wayarsa ta yi ƙara. Hannunsa da kumfa, sai ya ce in danna masa in buɗe murya. Auta ce. Ta je gaida dangin mijinta tare da yaranta biyu, suna dawowa a motar mijin.

"Baba," in ji ta, "mun ga mutuwa da idonmu."

Ya tsaya cak. "Kuna ina?"

"A filin nan bayan gangarar farko. Muna saukowa ya taka birki, feda ta tafi ƙasa gaba ɗaya, ba komai. Da giya da birkin hannu ya samu ya kai mu cikin yashi. Baba, yanzu ya ce birkin ya dawo, wai mu hau mu ƙarasa."

Mai Birki ya goge hannu a rigarsa ya karɓi wayar. "Ba ni shi."

Mijin ya karɓa da sallama da gaisuwa, har yana tambayar mutanen gida. Mai Birki ya katse shi, abin da ban taɓa ji ya yi ba.

"Bar gaisuwa, ɗana. Hau ka taka. Yaya ka ji ta?"

"Da ƙarfinta, Baba. Kamar dutse."

"Riƙe ta, kada ka ɗaga. Tana nutsewa?"

"Ko motsi ba ta yi."

"Kofin fa?"

"Cike yake har baki."

"Ce wa Auta ta zagaya tayoyin duka, ta leƙa ta ciki, ta shafa da hannu."

Muka jira. Ta wayar muna jin hayaniyar fasinja, da wata mata mai babbar murya tana cewa, "Direba, tumatir ɗina yana dahuwa a rana! Ka tambayi surukin naka, idan kwana za mu yi mu shimfiɗa tabarma." Aka yi dariya. Auta ta dawo ta ce ko'ina a bushe yake, sai dai ƙarfen tayoyin gaba da zafi, ba ya taɓuwa.

Mai Birki ya zauna a bakin rami. Ya dube ni, amma da kansa yake magana. "Ba iska ba ce, da har yanzu tana da laushi. Ba masta ba ce. Ba yoyo. Malam, da ma ɗaya daga cikinsu ne, da na san abin da nake tsoro. Birkin da ya ɓace ya dawo da kansa ba warkewa ya yi ba, hucewa ya yi. Man ne ya tafasa a cikin bututu ya zama tururi, shi kuwa tururi ba ya tura komai. Da ya sha iska sai ya koma ruwa. Yana shiga doguwar gangara zai sake tafasa, kuma can babu yashi."

Sai ya girgiza kai. "Amma da hannuna na juye masa sabon mai kwanan baya. Sabon mai ba ya tafasa a 'yar gangarar nan."

Ya ɗaga wayar. "Auta, ke nake so, ba shi ba. Buɗe kofin. Tsoma yatsa ki sansana."

Sai muryarta a ƙasa-ƙasa: "Baba, ƙanshin sabulun wanki nake ji. Har da kumfa a jikin murfin."

A nan sai in yi wa mai karatu bayani. Akwai wata dabara da wasu direbobi suke yi idan man birki ya tsiyaye musu a daji: sai su dama garin sabulu da ruwa su cika kofin, domin santsinsa ya yi kama da na man. Yana kai mutum gida a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, shi ya sa suke yabonsa. Amma ruwa ruwa ne, wuta kaɗan ta ishe shi.

"Ɗana," in ji Mai Birki, "gaya mini gaskiya."

Mijin ya yi ta in-ina. A ƙarshe ya ce bakin wani bututu ne ya kwance masa a hanya, man ya zube, ya ɗaure shi ya cika da ruwan sabulu. Ya yi niyyar kawo motar, amma kunya ta hana shi, tunda bai daɗe da karɓar aiki kyauta daga hannun surukinsa ba. "Kuma Baba, kowa na yi. Na sha saukowa da shi lafiya."

"Da mota cike haka, da buhuna a sama?"

"A'a. Amma zan sa ta a giya ta ɗaya, in lallaɓa. Mutane sun matsa mini, Baba."

"Kada ka tayar da motar nan! Ka ji ni? Auta, sauke yaran! Ki gaya wa mutanen abin da ke cikin kofin!"

"Baba, a gaban jama'a? Mijina ne fa..."

Sai muka ji ƙarar inji ya tashi. Muka ji ƙofa ta rufe. Wayar ta katse.

Ya sake kira, ba ta shiga. Ya sake, haka. Yatsunsa suka kasa samun madannin, ya miƙo mini, ni ma na gwada, ba amsa. Wani mai tasi da ya kawo gyaran fitila yana tsaye yana jin komai. Bai jira a roƙe shi ba, ya buɗe ƙofar motarsa. Mai Birki ya wawuri galan na man birki da sifana da ɗan tiyo, ya manta takalminsa a bakin rami. Ya kama hannun rigata ya ce, "Malam, zo mu je. Ba zan iya leƙa ƙarƙashin gadar nan ni kaɗai ba."

Na yi tafiye-tafiye a rayuwata, amma ban san wadda ta kai wannan tsawo ba, alhali kuwa hanyar ba ta da nisa. Ina ta addu'a a zuci, kalmomin suna kuɓuce mini ina sake kamo su. Duk motar da ta ɓullo daga gaba sai Mai Birki ya miƙe wuya, idan ta wuce ya koma ya dafe gwiwa. Wata farar bas ta taho a guje, ya leƙa ta taga, sai muka ga ba ita ba ce.

Da muka iso gadar mai tasi ya rage gudu. Mai Birki ya rufe fuska da tafukansa. "Duba mini, Malam."

Na fitar da kai ta taga. Ƙarfen gefen gadar yana nan a miƙe. A ƙasa duwatsu ne da ɗan ruwa, da wata akuya tana kiwo.

"Babu komai," na ce.

"Ka duba ɗaya gefen."

Na duba. "Babu."

Bai sauke hannunsa ba, domin akwai sauran lanƙwasa a gabanmu, kowace da nata ramin. Muka riƙa hawa, ina leƙawa ina cewa babu, yana amsawa da numfashi kawai. Muna zagaya ta ƙarshe sai ga bas ɗin a tsaye a bakin fili, taku kaɗan kafin gangarar, an danne tayoyinta da duwatsu. Fasinja suna zaune a inuwar wata bishiya. Auta tana zaune a ƙasa a gaban motar, jariri a cinyarta, babban yana riƙe da mayafinta.

Matar nan mai tumatir ce ta tare mu da bayani tun kafin mu fito. Ashe da motar ta fara motsi Auta ta ɗaga murya ta faɗa wa kowa abin da ke cikin kofin, ta buɗe ƙofa ta sauka da yaranta ta tsaya a gaba. Ita kuwa matar, wadda take zaune kusa da direba, ta miƙa hannu ta zare makullin ta ƙulle shi a bakin zanenta. "Ni da na ce a yi sauri," in ji ta, "ai ban ce a wanke ni da sabulu a kai ni lahira ba! Tumatir ya ruɓe can."

Mijin yana tsugune a bayan mota, kansa a ƙasa. Auta ba ta dubi inda yake ba, idanunta sun yi ja. Na zaci Mai Birki zai yi faɗa. Ya taka da ɗingishinsa ya shafa kan jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce wa surukin nasa, "Tashi, ɗana, hau kujerarka. Aikin nan na mutum biyu ne."

Ya kwanta ƙarƙashin motar a kan tsakuwa, ya saƙala tiyon a bayan taya, ya kwance 'yar ƙusar da ake fitar da iska ta wajenta. "Taka. Riƙe. Saki." Wani farin ruwa mai kumfa ya fara fita yana zuba a ƙasa. Fasinja suka matso suka kewaye suna kallo, ba wanda ya ƙara yin dariya. Ni aka ba galan, ina ƙara mai a kofin duk lokacin da ya yi ƙasa. Haka ya bi tayoyin duka har abin da ke fita ya koma zallar mai, ya kuma ce gobe a kai motar gareji, domin ruwan ya riga ya taɓa ƙarfe da roba.

Da ya fito daga ƙarƙashi ya nemi ruwan sha. Auta ta miƙa masa gora, amma hannunsa yana rawa har ruwan ya zuba a gaban rigarsa. Sai ta durƙusa ta riƙe masa, ya sha. Allah Ya tsare matafiya, Ya mayar da kowa ga iyalinsa.